Duro Mai Hoton Gwamna

A unguwar babu mai kiranta da sunan yanka. Shugaba ake ce mata, har yaran maƙwabta da ba su san abin da take shugabanta ba. Ita ce shugabar matan jam'iyyar Gwamna a mazaɓar, kuma ta daɗe a kujerar, tun kafin Gwamnan ya yi mafarkin zama gwamna. Mace ce mai baki. In ta shigo gidanki neman ƙuri'a, sai ta taya ki wanke-wanke, ta yi wa mijinki tsiya, ta goya ɗanki, ta fita da alƙawarinki a hannu ba ki ma san kin yi ba. Abu ɗaya ne ke sa ta yi laushi a duniya, shi ne Auta.

Auta 'yarta ce, tana aure a layin bayansu, gidan wani tela. Ciki bayan ciki tana ɓari, har dangin miji suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wannan karon cikin ya zauna, ya fito, ya yi nauyi. Shugaba ba ta barinta ta ɗaga ko bokiti, kullum tana gidan tana faɗa da telan a kan bai iya kula da mace ba.

A ƙarshen unguwar, bayan garejin manyan motoci, akwai wani tsohon sito mai katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Shekara da shekaru ana kawo duro-duro a mota ana jibgewa a ciki. Dagwalon masana'antu ne na can cikin gari, an rasa inda za a kai shi, sai aka kawo shi inda talaka yake. Kowa ya san da shi. In aka yi ruwan sama wani ruwa mai ƙyalli yakan biyo ta ƙarƙashin katangar, kuma ciyawa ba ta fitowa a wajen. Ba babban da ya taɓa leƙowa sai da zaɓe ya matso.

Injiniya, ɗan takarar 'yan adawa, shi ya tsinci maganar kamar wanda ya tsinci kuɗi a hanya. Duk dandamalin da ya hau sai ya ce Gwamna ya tara wa talakawa guba a bakin ƙofa. Gwamna, da yake neman tazarce, ya ce ƙarya ce, ba komai a siton, kuma ai a zamanin jam'iyyar Injiniyan aka fara kai kaya wurin. Suka yi ta jifan juna a rediyo, har Injiniya ya rantse zai zo da 'yan jarida a buɗe ƙofar a gaban kowa. Ranar da ya zo aka buɗe masa ba gardama. Sito a share tas, ko gwangwani babu. Shugaba ta yi dariya ranar har da riƙe ciki.

Ba a jima ba Ciyaman ɗin jam'iyya ya kira ta ofis. A harabar an jera duro-duro na roba, an yi musu fenti da launin jam'iyya, kowanne da hoton Gwamna a jiki yana murmushi.

"Kyautar Mai Girma ce ga mata," in ji Ciyaman. "Ke za ki raba. Wadda ke tare da mu ki ba ta ɗaya. Wadda ke ƙafa nan ƙafa can, ki ba ta biyu."

Wanda bai zauna a unguwar ba ba zai gane girman kyautar nan ba. Famfo yana kawo ruwa ne in ya ga dama, kuma ba ya jimawa. Mai duro ita ce ke tarawa ta huta. Marar duro sai ta jera tukwane da kwanoni, kwana biyu sun ƙare, ta koma saye a jarka. Atamfa da sabulun da aka saba rabawa ko kusa ba su kai wannan ba.

Shugaba ta buɗe murfin ɗaya ta leƙa. Wani wari ya bugi hancinta, kamar maganin sauro an haɗa da ƙonanniyar roba, har sai da ta ja da baya.

"Ranka ya daɗe, daga ina waɗannan?"

"Daga kamfanin lemo aka sayo. Warin fenti kike ji." Ya dube ta ta saman gilashinsa. "Ko ke ma kin fara sauraron su Injiniya ne?"

Shugaba ba wawuya ba ce. Ta tuna siton da aka tarar a share, ta dubi yawan duron da ke gabanta, zuciyarta ta haɗa lissafi. Amma akwai abin da ta tashi da shi, kamar kowace mace a unguwar: duro dai duro ne. Na man fetur sun saya, na kananzir sun saya. A wanke da sabulu da toka, a zuba gawayi da lemon tsami ya kwana, a kifa a rana. In wari ya fita shi ke nan, ya zama na ruwa. Haka uwarta ta yi, haka ita ma ta yi, ba wanda ya mutu. Ko da daga siton ne, wane datti ne ya gagari toka?

Sai ta yi abin da kowace mai rabo ke yi, ta fara ware nata. Ta zagaya tana ƙwanƙwasa su da zobenta, tana tsallake marasa kauri, har ta tsaya a kan wani mai nauyi, mai murfi da zoben ƙarfe da ke kulle shi ƙam, ko iska ba ta shiga. Irinsa ba su da yawa a wurin. Ba ta tambayi kanta abin da aka zuba a ciki da har ya buƙaci irin wannan kulli ba. Ita dai ta ga ƙura ba za ta shiga ruwan Auta ba.

Ƙaninta direba ne, yana tuƙa ɗaya daga cikin motocin yaƙin neman zaɓen Injiniya. Tun da aka kaɗa gangar siyasa gaisuwa ce kawai tsakaninsu, tana ce masa ɗan adawa, yana ce mata Uwar Gwamnati. Ya same ta a tsakar gidan Auta a durƙushe, rabin jikinta a cikin duro tana gurza.

"Yaya, kada ki ba yarinyar nan duron nan."

"Saboda me?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa. "Ni dai na ce kada ki ba ta."

"Ku ji min ɗan baƙin ciki. Naku ɗan takarar ko ludayi bai raba ba. In kana so ka faɗa, in aika wa matarka ɗaya, ku juya hoton ya kalli bango."

Auta na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana dariya. "Kawu, ka karɓa mana, ba wanda zai ji."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya sa kai ya fita.

Ta wanke duron nan har fatar hannunta ta saluɓe. Da ya sha rana ta sa kai ciki ta shaƙa, ta kira telan shi ma ya shaƙa, ba wari ko kaɗan. Duk gidan da ta kai nasu sai ta tsaya ta koya musu yadda ta yi, don ita ba ta aikin rabi da rabi.

Yara ne suka fara. Ƙuraje a wuya da hannu, amai, gudawa. Aka ce zafi ne, aka ce wani ciwo ne ke yawo. Sai ƙafafun Auta suka kumbura, aka ce ai ciki ne. Fuskarta ta biyo baya, har idanunta suka shige. Fitsari ya ragu ya koma kalar shayi, abinci ba ya zama. Wata safiya ta kama hannun uwarta ta ɗora a kan cikin ta ce, "Inna, ji, motsin ya yi sanyi."

A ƙaramin asibitin unguwa nas ta auna ta, ta sake aunawa, sannan ta ja Shugaba bayan labule.

"Mama, wane ruwa take sha?"

"Na famfo."

"A me kuke tarawa?"

Shugaba ta ce a duron da aka raba. Nas ɗin ta rage murya ta ce ta ga irin wannan da yawa a kwanakin nan, duk daga gidajen da aka kai duron nan. "Ni ban faɗa miki komai ba, ina son aikina. Amma ƙodarta ce ke neman tsayawa, kuma a nan ba abin da za mu iya. Asibitin ƙwararru ne ke da na'urar wankin ƙoda. Kada ku ɓata lokaci."

Da suka koma gida Shugaba ta ture duron da ƙafa, ruwan ya malale a tsakar gida, telan na kallonta. Tsoro ne ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tura telan asibitin ƙwararru. Ya dawo da rana tsaka ya ce an ce ba gado, a dawo mako mai zuwa, sai dai in akwai wani babba da zai yi magana.

Babba kuwa ai tana da shi, shekarunta nawa tana yi musu bauta. Ta yafa mayafi ta nufi ofishin Ciyaman. Ya saurare ta har ta gama, ya tashi ya tura ƙofa ya rufe. Tambayarsa ta farko ita ce, wa kuma ya sani?

"Gado ba matsala ba ne," ya ce bayan ya zauna. "Waya ɗaya ce daga gidan gwamnati. Amma 'yan adawa sun fara raɗe-raɗi a kan duron nan, wasu matan har sun daina amfani da su. Jibi Mai Girma zai zo gangami a filin makaranta. Ki hau dandamali ki sha ruwa daga duro a gaban mata. Kina sauka, motar asibiti na ƙofar gidan 'yarki."

"Ranka ya daɗe, jibi ya yi nisa. A kai ta yau. Na rantse zan hau, ko duro guda aka ce in shanye zan shanye."

"Shugaba, ni da ke mun daɗe a harkar nan. Kin taɓa ba mace atamfa kafin ta nuna miki katin zaɓe?"

Ba ta taɓa ba. Ita ce ma ta koya wa na ƙasa da ita kada su yi. Ta durƙusa masa a kan siminti, ita da ta girme shi, ya kawar da kai yana duba wayarsa.

Daga nan gidan ƙaninta ta wuce, ta haɗiye duk wata tsiya da ta taɓa yi masa. Ya ɗauke ta a mota zuwa ofishin Injiniya. Injiniyan ba ya nan, sai mai magana da yawunsa, wani mai fara'a da ƙamshin turare, wanda ya ba ta kujera ya sa aka kawo mata ruwan roba mai sanyi. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai fuskarsa ta washe, ya ma kasa ɓoyewa. Ya miƙo mata waya. A ciki ga wasu mutane sun rufe hanci da ƙyalle suna juye duro-duro a kwarin da ke bayan gareji, wani baƙin ruwa na kwarara. Can kuma ga masu fenti suna shafa launin jam'iyyarta.

"Da wannan, da 'yarki a gaban kyamara, Gwamna ya gama yawo," in ji shi.

"Yaushe kuka ɗauki wannan?"

"Tun ranar da suka kwashe siton."

"Kafin a raba?"

"Sosai ma."

"To me ya hana ku faɗa?"

Ya yi murmushi irin na mai yi wa tsohuwa bayani. "Mama, da mun fitar a lokacin, sai su janye duron su ce sharri ne. Ba wanda ya kwanta, ba labari. Yanzu kuwa ga shaida."

Ta juya ta dubi ƙaninta. Yana tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu.

"Kai ka kai su wurin?"

"Ni na tuƙa su, Yaya. An ce duk wanda ya buɗe baki a bakin aikinsa. Amma ai na ce miki kada ki ba ta."

Da a ce tana da ƙarfi da ta mare shi, amma ba marin ne ya kawo ta ba. Ta tambayi mai turaren maganar asibiti. Ya ce wannan an gama, Injiniya da kansa zai zo ya ɗauki Auta a motarsa a gaban 'yan jarida, ranar da za a yi muhawarar 'yan takara, mako mai zuwa, don kada labarin ya huce kafin lokaci. Shugaba ta ajiye musu ruwansu ba ta buɗe ba, ta fita. A hanya ba ta yi wani dogon tunani a kan gaskiya ko ƙarya ba. Jibi ya fi mako mai zuwa kusa, iyakar abin da ta duba ke nan.

Ranar gangami tun da hantsi take filin makaranta. A bayan dandamali ta ga an sauke wani sabon duro fil daga shago, wanda bai taɓa ganin sito ba, fenti iri ɗaya, hoto iri ɗaya, ana ɓalle robobin ruwa ana juyewa a ciki. Gwamna bai iso ba sai da rana ta karkata. Duk tsawon lokacin nan lasifika na kaɗa kunne, ita kuwa tana tsaye tana kiran telan a waya, yana ce mata Auta ta daina magana sosai, sai nishi.

Da aka miƙa mata abin magana ta zaci muryarta za ta ƙi fita. Ina, bakin nan ya saba, shi ya yi aikinsa da kansa. Ta yi wa Injiniya tsiya har mata na faɗuwa don dariya. Ta ce, "Ni na raba muku duron nan da hannuna. Mafi kyau a ciki 'yar cikina na ba. Ku faɗa min, akwai uwar da za ta ba 'yarta guba?" Suka amsa da babu. Ta tsoma kofi ta cika, ta shanye, ta ƙara, ruwan na zuba a haɓarta. Fili ya ɗauki tafi da shewa. A sahun gaba ta hango matan da suka daina amfani da nasu suna duban juna, hankalinsu ya kwanta. Ta gan su sarai, kuma ta san abin da ta yi.

Ciyaman bai saɓa alƙawari ba, a ba shi wannan. Motar na ƙofar gida, gado na jira. Likita ya daɗe yana yawo da na'ura a kan cikin Auta, ya matsa nan, ya matsa can, sannan ya ajiye ta ya goge hannu. Ya ce zuciyar ɗan ta tsaya, kuma ba ta daɗe da tsayawa ba. Aka shiga da Auta aka fito da abin da ke cikin. Mace ce, har da gashi kwance luf a kanta. Shugaba ce ta karɓe ta a zani, don telan ya zube a ƙasa a baranda ya kasa tashi. Auta kuwa, likita ya ce za ta rayu, amma da wankin ƙoda, kuma bai san ranar dainawa ba.

Washegari su Injiniya suka saki hoton juye duron, tun da shaidarsu, wato Auta, ta kuɓuce musu. Gidan gwamnati ya ce haɗawa aka yi, ya mayar da martani da hoton Shugaba tana shan ruwa, ana maimaita shi a talabijin kamar tallar sabulu.

Da safen nan Shugaba ta ɗauki wuƙar kicin ta shiga unguwa gida-gida, niyyarta ta huda kowane duro. Gidan farko na matar mai facin taya ne, wadda ke da jariri a goye. Famfo ya kawo ruwa da asuba, duronta cike yake har baki, tana ɗiba tana zubawa a tukunya.

"Zubar da ruwan nan," in ji Shugaba. "Guba ce. Daga sito aka kwaso su. Shi ya kashe min jika."

Matar ta tare duron da jikinta. "Allah ya jiƙan rai, Shugaba, mun ji. Amma ai Auta ta saba ɓari, kowa ya sani."

"Na ce miki guba ce."

"Ke da kika sha a gabanmu? Kofi biyu, ina sahun gaba. Ga ki nan garau."

"Ba irinsa ba ne. Sabo suka kawo, ruwan roba suka zuba."

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta taɓe baki. "An dai gan ki a ofishin Injiniya. Nawa suka ba ki?"

Mai facin ya fito ya riƙe mata hannu, cikin ladabi, ya karɓe wuƙar ya raka ta waje. Kafin ta kai gida na gaba labari ya riga ta, cewa Shugaba ta sauya sheƙa tana bin gidaje tana fasa kayan mutane. Wasu suka rufe ƙofa. Wata tsohuwa ta ce mata ta je ta huta, zafin rashi ne. A duk layin mace ɗaya ce ta yarda ta zubar da ruwan, ita ma ta ce duron kam ba za a huda mata ba, za ta sake wankewa da toka.

Da la'asar ta koma asibiti ƙafafunta duk ƙura. Auta ta farka, tana kwance da bututu a hannu, idonta a kan talabijin ɗin da ke maƙale a bangon ɗakin. Uwarta ce a ciki, ta ɗaga kofi, jama'a na tafi. Shugaba ta nemi abin kashewa ta rasa. Ta zauna a bakin gado tana jiran tambayar da ta san tana zuwa, ko ta sani tun farko, ko ba ta sani ba. Ta shirya za ta faɗi gaskiya, ko da yarinyar ba za ta ƙara kallonta ba har abada.

Auta ta juyo da ƙyar, leɓunanta a bushe.

"Inna, ruwan da kika sha ɗin nan, irin nawa ne?"

"A'a. Mai kyau suka zuba min."

"To alhamdu lillahi," in ji Auta. "Tun ɗazu hankalina a tashe yake, na zaci ke ma kin sha."

Ta lumshe ido, hannunta ya koma kan cikin da ba kowa. Shugaba ta tura gefen mayafinta a baki ta danne, don kada kukan ya tashi mai gadon kusa.